Daga Gawon Ga

Bai kai farcen ɗan yatsana ba.
Na naɗe shi a takardar magani,
na cusa a aljihun gaba
tare da kuɗin mota daga Jiratawa.
Kwana tara wayata tana ce mini
katin nan ba kowa a ciki,
in yarda ta share, mu fara sabo.
Ban yarda ba.

Ma'azu na zaune bayan Babbar Kasuwa,
rumfar kwano, tebur ɗaya,
fanka mai fiffike biyu da rabi.
Ya goge haƙoran katin da bakin riga,
ya hura, ya ɗaga shi a hasken ƙofa.
"Ka danna sharewa?"
Na ce a'a.
"To, da sauran numfashi.
Jikka biyu in ya tashi,
in bai tashi ba, ka saya mana shayi."

Ya ce mutanen gidan suna nan,
littafin sunayensu ne ya ƙone,
sai mu bi ɗaki ɗaki da sallama
mu ga wa zai amsa.

Ban gaya masa wa nake nema ba.
Bara, kafin ruwan farko,
Baba Nomau ya zaga gona da ƙafarsa,
ina biye da shi da waya a hannu,
yana faɗin iyaka da bakinsa.
Wata biyar ke nan da muka rufe shi,
Illa ɗan baffana ya ci kunya uku ta gefen gulbi,
bai ji ko ɗaya ba.
Gawon da ke tsakaninmu ma an sare,
har kututturen ya zama gawayi.

Koren layi yana rarrafe a kwamfuta.
Yana kaiwa sittin da ɗaya wuta ta ɗauke.
Ma'azu bai ko yi tsaki ba,
ya jawo buta, muka yi la'asar,
muka dawo, muka fara daga sifiri.

Sai suka fara fitowa, ba suna, sai lamba.
Ga ɗiyata ranar sunanta,
kai da kafaɗa nata ne, sauran toka.
Ga ragon da na sayar don taki.
Ga takardar asibiti, na ɗauke ta a karkace.
Ga wani biki da ban tuna na je ba.
Bidiyo huɗu suka ƙi buɗe ƙofa.

Can ƙasa, murya.
Minti goma sha huɗu na ɗauka,
minti ɗaya ya tsira, da 'yan daƙiƙu.

Iska ta fara, da kukan kurciya.
"Kai, ka kunna? Riƙe ta da kyau,
kar ka yada ta cikin ruwa.
To, daga gawon ga..."
Sai tari. Tarin nan da muka raina.
Sai dariya, laka ta ƙwace masa takalmi.
"Illa, taho ka kama ni, ɗan nan."
Daga nan sai shaaa,
kamar ruwan Agusta a kan kwano.

Na manta Illa yana wurin.
Wallahi na manta.
Ni na riƙe waya,
shi ya riƙe tsoho.

Ma'azu ya rage ƙarar fanka ba tare da na roƙa ba.
Na miƙa jikka biyu, ya maido ɗaya,
ya ce rabin aiki, rabin kuɗi,
kuma in ajiye abin wuri biyu,
kati ba rumbu ba ne.

A mota na saurara sau shida,
kunnena manne da wayar saboda ƙugin inji.
Iyakar ba ta dawo ba.
Bayan isha'i na tsaya a zauren Illa,
ya fito da fuskar mai jiran sammaci.
Na ce, "Zauna.
Akwai mai kiranka."